Sun riƙe mana kuɗin alƙalanci, ga wasan ƙarshe ya matso

Assalamu alaikum, Malam. Ni alƙalin wasan ƙwallon ƙafa ne mai rajista, kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare. A zangon karatun da muke ciki, makarantun sakandare goma sha biyu na yankinmu, na gwamnati da masu zaman kansu, sun haɗu sun shirya gasar cin kofi. Shugaban kwamitin shirya gasar malamin wasanni ne a ɗaya daga cikinsu, kuma shi ya koyar da ni a sakandare, shi ne ma ya fara ba ni usur na riƙe. Da ya kira ni, muka yi magana da baki cewa za a riƙa ba ni naira 5,000 a kowane wasa, mataimakana biyu kuma naira 3,000 kowanne. Ban nemi takarda ba saboda kunyarsa, kuma ban bi ta ƙungiyarmu ta alƙalai ba. Mataimakan nan matasa ne da na jawo da kaina, ɗaya ɗalibi ne, ɗaya yana aikin ɗinki.

Mun busa wasanni goma sha huɗu. An biya mu na huɗun farko ta banki yadda aka yi alkawari, daga nan aka daina. Yanzu muna bin naira 110,000. Kwamiti ya ce wasu makarantu ba su biya kuɗin shiga gasa ba, shugabannin makarantun kuma sun ce sun biya. A zaman da aka yi kwanan nan, wani shugaban makaranta ya ce ai dama 3,000 da 2,000 ya kamata a ba mu, har ya ce alƙalancin wasan yara taimako ne, ba sana'a ba. Malamina yana zaune bai ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi komai yi mini ciwo.

Saura mako biyu a buga wasan ƙarshe. Mataimakana suna so mu yi shiru sai ranar, idan manyan baƙi sun hallara, mu ƙi shiga fili har sai an biya mu. Sannan mai wata makaranta mai zaman kanta, wadda yaransa za su buga wasan ƙarshen, ya kira ni ya ce zai biya mu duka daga aljihunsa, kada kowa ya ji, domin kawai yana tausayinmu. Maiɗakina ta ce in karɓa, tunda haƙƙina ne, kuma muna da bashin kuɗin makarantar yara. Ban san wanda zan bi ba. Ina neman shawara.

Wani alƙalin wasa daga Arewa maso Yamma

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka da kyau, kuma kafin komai ina so ka kwantar da ranka a kan abu guda: kuɗin nan haƙƙinka ne, kuma neman sa ba rashin kunya ba ne, ba kwaɗayi ba ne. Mutumin da ya bar gidansa da la'asar, ya zuba mai a babur ko ya biya kuɗin mota, ya yi ta gudu cikin ƙura a filin da babu katanga, yana jin zagin 'yan kallo daga kowane gefe, sannan ya dawo gida da magariba da ƙafafu a kumbure, ya yi aikin da ya cancanci lada. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma kai wajen 1,000 kafin ƙarshen 2024, saboda haka duk wanda ya yi lissafi da gaskiya zai ga cewa wani ɓangare mai kauri na wannan 5,000 ɗin hanya ce take cinye shi. Shugaban makarantar da ya ce alƙalancin wasan yara taimako ne yana da damar neman 'yan sa-kai tun kafin a fara gasa, kuma wataƙila ya samu. Abin da ba shi da damar yi shi ne ya bari a kammala aiki a kan farashi, sannan ya mai da shi sadaka bayan an gama. Hadisin da Ibn Majah ya rawaito sananne ne, cewa a ba ma'aikaci ladansa tun kafin guminsa ya bushe, kuma a nan gumin naka ya bushe da daɗewa.

To amma tambayoyin da ka kawo uku ne a haɗe, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Zan fara da mafi hatsari, wato tayin mai makarantar nan, domin shi kaɗai ne a cikinsu wanda idan ka yi kuskure a kansa babu gyara.

Kada ka karɓi kuɗin nan, Malam, ko naira ɗaya, ko da sunan rance ne, ko da ta hannun wani aka aiko. Ba na cewa mutumin mugu ne, domin yana yiwuwa da gaske tausayi ne ya motsa shi, amma sharaɗin da ya sa na cewa kada kowa ya ji ya isa ya nuna maka cewa shi kansa ya san abin ba zai yi kyan gani ba. Doka ta biyar cikin dokokin ƙwallon ƙafa goma sha bakwai ta ba alƙali cikakken iko a fili, kuma ta ce hukuncinsa a kan abin da ya faru cikin wasa shi ne na ƙarshe. Irin wannan iko ba ya tsayuwa a kan komai sai yardar mutane cewa mai usur ba shi da ɓangare. Ka ɗauka ka karɓa, aka zo minti na tamanin, ɗan wasan makarantarsa ya faɗi a cikin da'irar mai tsaron gida. Idan ka ba da fanareti, ko da laifin a bayyane yake kowa ya gani, kai da kanka ba za ka iya rantsewa cewa kuɗin bai taɓa zuciyarka ba. Idan ka hana, mai makarantar zai ga ka ci amanarsa, kuma a ranar ne sirrin zai fito daga bakinsa ko bakin direbansa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Garinku ba shi da girman da irin wannan magana za ta ɓuya, kuma alƙalin da aka taɓa cewa an saye shi ba ya sake samun wasa mai daraja, ko da ya shekara goma yana musantawa. Naira 110,000 ba ta kai farashin sunan da ka yi shekaru kana ginawa ba, kuma matasan nan biyu da ka jawo su ma tabon zai bi su tun ba su fara ba.

Yadda za ka mai da tayin kuma yana da muhimmanci, domin ba na so ka mai da mutumin abokin gaba. Ka kira shi ka gode masa, ka ce masa matsayinka na alƙalin gasar ya hana ka karɓar komai daga kowace makaranta, sannan ka nuna masa ƙofar da take buɗe: idan da gaske yana son taimakawa, ya kai gudummawarsa ga kwamitin gasa a fili, a rubuta masa rasit, a sanar da sauran makarantu, kwamiti kuma ya biya alƙalai daga asusunsa. Ko a hakan ma, idan kuɗin da aka biya ku daga wurinsa ya fito, abin da ya fi tsabta shi ne ka nemi a kawo wani alƙali ya busa wasan ƙarshe. Sannan ina ba ka shawara ka sanar da shugaban ƙungiyarku ta alƙalai cewa an yi maka wannan tayi kuma ka ƙi, cikin natsuwa, ba tare da ɓata sunan kowa ba, domin idan maganar ta fito wata rana a karkace, akwai wanda ya ji gaskiyarta daga bakinka tun farko.

Maiɗakinka ba ta faɗi abin banza ba, kuma kada ka ɗauki maganarta a matsayin ƙarancin tsoron Allah. Ita tana kallon takardar kuɗin makarantar yara ne, kuma a lissafinta mai sauƙi, kuɗin da kake bi ne wani zai biya. Abin da ba ta gani ba, domin ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar fili ba, shi ne cewa wanda ya biya ba shi ne wanda ake bi ba. Ka zauna da ita ka bayyana mata wannan da misalin fanaretin da na kawo, ka nuna mata matakan da za ka ɗauka da ranakunsu, domin mace ta fi samun haƙuri idan ta ga mijinta yana da tsari. Game da kuɗin makarantar, ka je ka sami makarantar yaranka ka nemi a raba maka biyan kashi biyu ko uku, wanda abu ne da makarantu da yawa suka saba yi wa iyaye.

Sai batun ƙin shiga fili a ranar wasan ƙarshe. Na fahimci abin da ya sa mataimakanka suke son haka, domin sun ga cewa ranar ce kaɗai kuke da ƙarfi, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ka duba waɗanda abin zai faɗa wa. Yaran nan 'yan shekara goma sha biyar, goma sha shida, sun yi wata da watanni suna atisaye, wasu iyayensu za su bar kasuwa su zo kallo, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya riƙe muku kwabo. Ban da haka, filin wasan makaranta cike da ɗalibai daga makarantu masu hamayya, an tara su a rana ana jira, ga jita-jita tana yawo cewa alƙalai sun ƙi busawa, wuri ne da rigima take tashi cikin minti biyu, kuma ku uku ne za ku kasance a tsakiya babu mai kare ku. Ko da an biya ku a ranar saboda kunyar manyan baƙi, labarin da zai rage a gari shi ne alƙalai sun yi garkuwa da wasan yara, kuma waɗanda suka ci haƙƙinku su ne za su koma waɗanda aka zalunta a idon jama'a.

Wannan ba ya nufin dole ne ku busa wasan ko an biya ko ba a biya ba. Kuna da cikakken 'yancin janye aikinku, kuma a ganina wannan 'yancin shi ne babban abin da za ku tsaya a kansa. Bambancin yana ga lokaci da hanya. Janyewar da aka sanar da ita a rubuce kwana goma kafin wasa ta bar wa kwamiti zaɓi, ko ya biya, ko ya ɗage wasan, ko ya nemo wasu alƙalai, kuma babu mai hankalin da zai zarge ku. Sau da yawa ma irin wannan sanarwa ta fi kwanton-ɓauna saurin fito da kuɗi, domin shugabannin makarantu suna da lokacin da za su kira juna su haɗa abin da ya samu kafin a ji kunya.

Kafin ka rubuta komai, ka tattara hujjojinka, kuma suna da ƙarfi fiye da yadda kake zato. Yarjejeniyar baki yarjejeniya ce a dokar Najeriya, matsalarta kawai wuyar tabbatarwa, kuma kai ka riga ka tsallake wannan matsala, domin kuɗin wasanni huɗun farko sun shigo ta banki a kan 5,000 da 3,000. Ka je banki ka karɓi takardar bayanin asusunka mai hatimi, mataimakanka su ma su yi haka, ka adana duk saƙonnin waya da na WhatsApp da suka shafi gasar, domin Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika sharuɗɗan gabatar da su. Ka haɗa da jadawalin gasar da kwafin rahoton kowane wasa da ka sa wa hannu. Wanda ya biya farashi sau huɗu a jere ba tare da ƙorafi ba, da wuya ya gamsar da kowa cewa ba wannan farashin aka yi ba. Ta fuskar fiƙihu ma maganar haka take: ladan da aka ambata aka fara aiki a kansa shi ne abin biya, kuma ko da a ce ba a ambaci komai ba, ana komawa ga abin da aka saba biyan irin wannan aiki a wurin, ba abin da mai biya ya ga dama bayan an gama ba.

Ga wata dabara da nake so ka yi amfani da ita. Ko a kan farashin da shugaban makarantar nan ya faɗa, 3,000 gare ka da 2,000 ga kowane mataimaki, wasanni goma sun kama naira 70,000. Ke nan babu wani a cikinsu da yake musun cewa kuna bin 70,000, saɓanin yana kan ragowar 40,000 ne kawai. A takardarka ka raba su biyu: ka nemi a biya 70,000 da babu jayayya a kanta cikin kwana bakwai, a matsayin sharaɗin busa wasan ƙarshe, sannan a sa rana a zauna kan ragowar. Idan an kawo 70,000 ɗin, ka karɓa, amma ka rubuta a kan rasit ɗin cewa wani ɓangare ne na bashin, saura 40,000, kuma kada ka sa hannu a kan takardar da ta ce an sallame ku gaba ɗaya. Kuɗin wasan ƙarshe shi kuma a biya shi daban, kafin a take leda.

Wa za ka rubuta wa? Wannan ita ce tambayar da ta sa ake ta wasa da ku tsakanin kwamiti da shugabannin makarantu. Kai ba ka yi ciniki da makarantu goma sha biyu ba, ka yi ne da kwamitin gasa ta bakin shugabansa, saboda haka kwamitin ne yake da nauyin biyanka, kuma ko wata makaranta ta biya kuɗin shiga ko ba ta biya ba, matsalar kwamiti ce, ba taka ba. Takardar ta tafi ga shugaban kwamiti, a ba kowane shugaban makaranta kwafi, a ba jami'in ilimi na shiyya, a ba ƙungiyarku. Ka sa a cikinta roƙo ɗaya mai sauƙi, cewa ma'ajin kwamiti ya karanta a gaban kowa jerin makarantun da suka biya da abin da aka kashe. Kada ka zargi kowa da cin kuɗi, ko a takarda ko a majalisa ko a Facebook, domin ba ka da shaida, kuma zargin da ba shaida yana iya mai da mai bin bashi wanda ake ƙara. Ranar da aka shimfiɗa lissafi a kan tebur, wanda ya ce ya biya zai fito da rasit, wanda ya karɓa zai yi bayani, ba sai ka nuna kowa da yatsa ba.

Ina so kuma ka yi wa shugabannin makarantun gwamnati adalci a zuciyarka, ko da ɗayansu ya faɗi magana marar daɗi. Da yawansu ba su da kuɗin da za su taɓa yadda suka ga dama. A jihohi irin su Kano, inda aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, an hana karɓar kuɗin makaranta daga ɗalibai, kuma kuɗin gudanarwa da ake aikowa, idan ya zo, alli da takardun jarrabawa da gyaran kujeru suna gaba da ƙwallo. Shugaban da ya ce ya biya wataƙila ya sa hannu ne a takardar neman kuɗi, yana jiran a saki. Wannan ba uzurin hana ku haƙƙinku ba ne, domin wanda bai da kuɗin alƙali bai kamata ya shiga gasa ba, amma sanin hakan zai taimake ka ka ba su mafitar da za su iya bi. Naira 110,000 idan aka raba wa makarantu goma sha biyu ba ta kai 10,000 kowacce ba, kuma wannan kuɗi ne da ƙungiyar iyaye da malamai ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kowace makaranta za ta iya fitarwa a zama ɗaya. Ka faɗi wannan lissafin a takardarka, domin bashin da yake kama da dutse idan yana dunƙule yakan zama abin kunya a ƙi biyansa idan aka ga ƙanƙantarsa a kan kowane mutum.

Yanzu ga malaminka, wanda na lura shi ne ainihin ciwon da ke cikin wasiƙar. Shirun da ya yi a wannan zama bai kyautu ba, domin kalma ɗaya daga bakinsa, cewa da shi aka yi maganar 5,000, da ta kashe gardamar. Sai dai ka tuna matsayinsa: malamin wasanni ne a gaban shugabannin makarantu, ɗayansu ma watakila shi ne mai rubuta masa rahoton ƙarin girma, kuma yana yiwuwa ya yi muku alkawarin farashin ne kafin kwamiti ya amince, yanzu yana jin nauyin faɗa. Kada takardarka ta riske shi ba zato. Ka je gidansa da kanka bayan sallar isha'i, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce masa: “Malam, kai ka sa ni a wannan hanya, kuma ba zan yi abin da zai kunyata ka ba, shi ya sa na zo ka fara ganin takardar nan kafin kowa. Yaran nan biyu amanarsu tana wuyana. Abin da nake roƙo kawai shi ne ka faɗi abin da muka yi da kai.” Ka ba shi dama ya gaya maka abin da ya faru da kuɗin. Idan ya tsaya tare da kai, rabin aikin ya ƙare. Idan ya nemi ka yafe saboda shi, kana iya yafe naka rabon in ka ga dama, wannan tsakaninka da zuciyarka ne, amma naira 60,000 ta mataimakanka ba taka ba ce balle ka yafe.

Su ma matasan nan suna da haƙƙi a kanka, domin kai ka kira su. Ka zauna da su ka nuna musu takardar kafin ta fita, su sa hannu tare da kai, kuma ka yi musu alkawarin cewa duk abin da ya fara shigowa za a raba shi daidai da abin da kowa yake bi, ko ma ka fara da su idan kana iya jurewa. Ɗalibi da tela sun fi ka saurin karaya, kuma irin wannan rashin biya ne yake korar matasa daga alƙalanci tun a matakin farko. Lokacin da aka fitar da jerin alƙalan Gasar Cin Kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024 babu ɗan Najeriya ko ɗaya, an yi ta surutu a rediyo, amma kaɗan ne suka waiwayi filayen makarantu inda alƙalai suke fara koyon aikin, su ga yadda ake sallamar su.

Akwai gyara ɗaya da ya zama dole in yi maka, kuma na san ka riga ka hango shi tunda ka ambata da kanka. Karɓar gasa ba tare da sanin ƙungiyarku ba shi ne ya bar ka kai kaɗai. A bisa al'ada, masu shirya gasa suna rubuta wa majalisar alƙalai ta jiha ko reshenta na yanki, ita ce take tura alƙalai, ita ce take faɗin farashi, kuma idan aka ƙi biya ita ce take magana da murya ɗaya. Ka je ka same su yanzu, ka faɗi gaskiya cewa ka karɓi aikin ne saboda nauyin malaminka, ka ba da haƙuri, ka nemi su shiga maganar. Wataƙila za su yi maka faɗa, wataƙila ma su ci ka tara, amma wannan ya fi sauƙi a kan abin da zai faru idan ba ka je ba: ka janye, kwamiti ya ɗauko wani alƙali daga cikinku da bai san labarin ba, ya busa wasan ƙarshe a kan 3,000, bashinku kuma ya bi ruwa. Idan ƙungiya ta sanar da cewa babu mambanta da zai busa wa waɗannan makarantu wasa har sai an biya bashin baya, maganar ta tashi daga rigimar mutum ɗaya ta zama ƙa'ida.

Idan kwana bakwai suka wuce ba a yi komai ba, sai ku janye kamar yadda kuka sanar, ba tare da zuwa filin ba a ranar, kuma ba tare da riƙe rahoton wasa ko jadawali ko wani abu na gasar a matsayin jingina ba. Daga nan sai a nemi masu sulhu, kuma jami'in ilimi na shiyya shi ne na farko, domin shugabannin makarantun gwamnati suna ƙarƙashinsa, masu zaman kansu kuma suna buƙatar kyakkyawar alaƙa da ofishinsa. Bayansa akwai hakimi ko dagaci, akwai Hisba a jihohin da take zaman sulhu kan bashi, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a kowace jiha kuma ba a biyan kuɗi kafin a shigar da koke. Kotu ita ce ta ƙarshe. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, wasu jihohi kuma sun bi sahu; ana iya shiga ba tare da lauya ba, an tsara ta ne don a gama shari'a cikin kwana sittin, kuma tana buƙatar a fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya, wadda ka riga ka yi ke nan. Kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron irin wannan bashi. Sai dai ka sani cewa kwamitin da ba shi da rajista ba a cika iya ƙararsa da sunansa ba, mutanen da suka yi cinikin ne ake rubutawa, kuma na farko a cikinsu malaminka ne. Saboda haka kafin ka kai nan ka tambayi lauya, sannan ka tambayi kanka ko ragowar da ake jayayya a kanta ta kai wannan. Idan aka biya 70,000 aka yi tayin raba 40,000 ɗin biyu a gaban masu sulhu, kuma mataimakanka suka yarda, ni ba zan ga laifinka ba in ka karɓa.

Gasa ta gaba kuma, duk wanda ya kira ka, ko malaminka ne ko surukinka, ka ce masa ƙungiya ta hana ku busawa sai da takarda, domin wannan amsar tana ɗauke maka kunyar nema. Shafi ɗaya ya isa: yawan wasanni, kuɗin alƙali da na mataimaka, kuɗin mota daban, abin da za a biya idan an zo fili aka ɗage wasa saboda ruwan sama ko rashin zuwan wata makaranta, wanda zai samar da tsaro, da sunan mutum ɗaya da zai biya. Mafi sauƙi shi ne a ajiye kuɗin alƙalai na zagaye guda gaba ɗaya a asusun ƙungiya kafin a fara, ko kuma a biya kowane wasa a ranarsa kafin a shiga fili, kuma ku amince tun farko cewa idan bashi ya kai na wasa biyu za a dakata. Ka rubuto mana bayan zamanka da malamin naka mu ji yadda kuka yi. Allah ya fito muku da haƙƙinku cikin sauƙi, ya kuma bar zumuncin da ke tsakaninku.